Kwana Uku a Filin Jirgin Yamai: Yadda Matasa Huɗu Suka Sace Jirgin Nijeriya a 1993

Ranar Litinin, 25 ga Oktoba 1993, jirgin kamfanin Nigeria Airways ƙirar Airbus A310 ya tashi daga Legas zuwa Abuja ɗauke da mutum kimanin 150. Tafiya ce ta kusan awa guda, irin wadda manyan ma'aikata da 'yan kasuwa suka saba yi da safe su koma gida da yamma. Jirgin bai daɗe da ɗagawa ba sai wasu samari huɗu suka miƙe daga kujerunsu, ɗaya ya kutsa ɗakin matuƙa, sauran suka tsaya a kan fasinjoji. Sunayensu Richard Ogunderu, Kabir Adenuga, Benneth Oluwadaisi da Kenny Rasaq-Lawal. Ogunderu, wanda ya fi fitowa fili a cikinsu, shekararsa 19. Suka sanar cewa daga wannan lokaci jirgin yana hannun ƙungiyarsu mai fafutukar dimokuraɗiyya, wadda ake taƙaita sunanta da MAD, ƙarƙashin jagorancin Jerry Yusuf.

Wanda ya rayu a Nijeriya a wannan shekara ba ya buƙatar a gaya masa abin da ya tunzura su. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 12 ga Yuni, tsakanin Cif Moshood Abiola na SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC, kuma sakamakon da ya fara fitowa ya nuna Abiola ne a gaba, har ma a Kano, mahaifar Tofa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen. Legas ta kama da wuta, aka yi ta zanga-zanga da yajin aiki, mutane da yawa suka kwashe iyalansu suka koma garuruwansu don tsoron yaƙi. A ƙarshen Agusta Babangida ya sauka ya bar wa Cif Ernest Shonekan gwamnatin riƙon ƙwarya wadda ba ta da ƙuri'ar kowa, kuma ba ta da ikon sojojin da suka kafa ta. Samarin nan sun ce a rushe wannan gwamnati, a ba Abiola mulkinsa.

Burinsu a kai su Frankfurt ta ƙasar Jamus, inda suke ganin duniya za ta saurare su. Amma jirgin da aka shirya wa zuwa Abuja ba shi da man da zai ƙetare hamada da teku. Aka nemi izinin sauka a Njamena, Chadi ta hana. A ƙarshe Yamai ce ta buɗe hanya, jirgin ya sauka a filin da yau ke ɗauke da sunan Diori Hamani.

Nijar ta karɓi baƙin da ba ta gayyata ba a lokacin da ita ma take rarrafe. Watanni shida ke nan da rantsar da Mahamane Ousmane, shugaban farko da ƙasar ta zaɓa a takarar jam'iyyu da yawa, Mahamadou Issoufou kuma yana firayim minista. Baitulmali babu kuɗi, a arewa ga tawayen Abzinawa. Sannan ba a manta da ranar 19 ga Satumba 1989 ba, da bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA na Faransa a sararin hamadar Tenere bayan tashinsa daga Njamena, mutum 170 suka mutu. Hukumomin Yamai sun san yadda tarkacen jirgi yake a kan rairayi. Ga kuma babbar maƙwabciya ta zuba ido, domin mutanenta ne a ciki.

Samarin suka ba da wa'adin sa'o'i 72, suka ce in bai cika da biyan buƙata ba za su cinna wa jirgin wuta. Aka shiga tattaunawa. Suka saki mata da yara, daga baya suka sallami mafi yawan fasinjojin, suka riƙe ma'aikatan jirgin da waɗanda suke ganin manyan jami'an gwamnati ne. Duk wanda ya san ranar Yamai a ƙarshen damina zai iya ƙiyasta zaman da waɗannan bayin Allah suka yi, kwana uku a cikin ƙarfe a rufe, ga warin fetur, ga yaro ɗan shekara 19 da yake ganin tarihi ya ɗora masa aiki. Kafin wayewar garin Alhamis, 28 ga wata, jami'an tsaron Nijar suka afka cikin jirgin. An kama duka huɗun da rai. Ma'aikacin jirgin guda ɗaya ya rasa ransa a harbe-harben, wasu suka ji rauni. Samarin sun yi fiye da shekara tara a kurkuku a Nijar. Gwamnatin da suka ce a rushe kuwa ta faɗi mako uku bayan kamun nasu, ranar 17 ga Nuwamba, amma Janar Sani Abacha ne ya hau. Abiola ya mutu a tsare a Yulin 1998, su kuma suna can gidan yari a ƙasar waje.

Nan ne yawanci masu ba da labarin suke tsayawa, a kan siyasa. Tambayar da ta fi damuna ita ce ta bakin ƙofa. Da me suka ƙwace jirgin? Su da kansu sun faɗa daga baya a hirarrakin da suka yi da 'yan jarida: bindigar roba irin ta wasan yara, fetur, da barkonon tsohuwa. Waɗannan kaya sun wuce gaban masu bincike a filin jirgin birni mafi girma a ƙasar, sun hau matakala, sun zauna a kujera. Fetur ba ya ɓoye warinsa. Bindigar roba na'urar gano ƙarfe ba za ta yi mata ƙara ba, amma hannun da ya buɗe jaka zai taɓa ta, idon da ke kallon allon hoton kaya zai ga siffarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ba asiri ba ce a lokacin. Tun 1992 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta sa aka liƙa sanarwa a filayen jiragen ƙasarta cewa tsaron filin Murtala Muhammed na Legas bai kai mizanin duniya ba. A 1993, kafin wannan fashi, Amurka ta dakatar da jigila kai tsaye tsakaninta da Legas saboda wannan dalili. An gaya mana a bainar jama'a, an hukunta mu a bainar jama'a, duk da haka samari huɗu suka bi ta ƙofar da fetur.

Ba kuma shi ne karo na farko ba. A Afrilun 1967, ana dab da yaƙin basasa, an karkatar da jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker da ya tashi daga Benin, aka kai shi Enugu. Duniya ita ma ta daɗe da shan wannan darasi. Tsakanin 1968 da 1972 an sace jiragen Amurka fiye da 130, yawanci zuwa Kyuba, kamfanoni kuwa suna ta jan ƙafa kan binciken fasinja don kada layi ya yi tsawo ciniki ya ragu. A Satumban 1970 mayaƙan ƙungiyar PFLP ta Falasɗinawa suka tara jirage uku a wani fili a hamadar Jodan, suka fitar da mutane, suka tarwatsa su a gaban kyamarori. Wata uku bayan haka aka sa hannu kan yarjejeniyar Hague, wadda ta wajabta wa ƙasar da ɗan fashin jirgi ya faɗa hannunta ko dai ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi. Amurka ba ta tilasta binciken kowane fasinja da jakarsa ba sai a Janairun 1973, bayan da wasu mutum uku suka ƙwace jirgin Southern Airways suka yi barazanar rafka shi a kan cibiyar nukiliya ta Oak Ridge. Ke nan a ranar da jirgin Abuja ya tashi, shekara ashirin ke nan da sanin maganin.

Wani zai ce, to ai bindigar ta bogi ce, don me ba a tankwara su ba? A wancan zamani abin da ake koya wa matuƙa da ma'aikatan jirgi a ko'ina shi ne kada a yi gardama da ɗan fashi: a lallashe shi, a ja lokaci, a sauke jirgin lafiya, a bar sauran ga jami'an ƙasa. Ƙofar ɗakin matuƙa kuwa ba ta da wani ƙarfi, ƙafa ɗaya ta isa. Matuƙin da ke da rayuka 150 a bayansa ba zai gwada ko bindigar da aka ɗora masa a ƙeya tana tashi ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Shi ya sa makamin ƙarya a sama yake aiki daidai da na gaskiya. Shekara uku bayan Yamai aka ga iyakar wannan. A Nuwamban 1996 wasu mutum uku suka ƙwace jirgin Habasha da ya tashi daga Addis Ababa, wanda Legas tana cikin zangonsa, suka ce suna da bam, suka dage sai an kai su Ostireliya. Matuƙin ya yi ta gaya musu man ba zai kai ba, suka ƙi yarda. Mai ya ƙare, jirgin ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 cikin 175 suka mutu. Abin da suka kira bam kwalbar giya ce a naɗe. Mutanen jirginmu sun tsira daga irin wannan ne domin samarin sun yarda da maganar mai. Da sun kafe a kan Frankfurt, Sahara ce a gabansu.

Harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka ne ya rushe tsohon tsarin, da aka ga ɗan fashin da ba ya neman sauka. Aka sa wa ɗakin matuƙa ƙofa mai sulke da ake kullewa daga ciki. Dokar hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 kuwa sai a 2006 ta zo, bayan da Birtaniya ta bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarai a cikin robobin lemo, shekara 13 bayan an shiga jirgin Nijeriya da fetur. Ita ma ƙofar sulken ta zo da nata: a Fabrairun 2014 mataimakin matuƙin wani jirgin Habasha ya jira kyaftin ya fita bayan gida, ya kulle ƙofa, ya kai jirgin Geneva maimakon Rum.

Yanzu da ranar 12 ga Yuni ta zama ranar dimokuraɗiyya, tun bayan sanarwar Shugaba Muhammadu Buhari ta 2018, an fara kallon samarin huɗu a matsayin gwaraza, har an yi fim a kansu a 2024. Ina tausayin ƙuruciyarsu da ta ƙare a kurkuku, kuma soke zaɓen zalunci ne da ya cancanci fushi. Amma ba na cikin masu yi musu kirari. Mutanen da suka tsare ba su soke zaɓe ba, ba mamaki ma da yawansu Abiola suka zaɓa. Ma'aikacin da ya mutu a Yamai ya fito aiki ne da safe da nufin kwana a gidansa, kuma shi ne ake saurin wucewa a kansa in ana ba da labarin. Haka nan ba a cika tambayar su wa ke bakin ƙofa a Legas a wannan safiya ba, da wanda ya ɗauke su aiki, da irin horon da aka ba su, da albashin da suke karɓa.

Amurka ta ɗage takunkuminta na jigila zuwa Legas a 1999. Shekara goma bayan haka, a Disamban 2009, Umar Farouk Abdulmutallab ya bi ta Legas da Amsterdam da abin fashewa a kamfansa ya hau jirgin Detroit, filaye biyu ba su gano shi ba, har da na Turai, sai fasinjoji ne suka danne shi. Daga nan aka kawo na'urorin ɗaukar hoton jiki. Na'ura dai kullum ana sayowa bayan an sha kunya, kuma ita ce mai sauƙin nunawa a talabijin. Shinge da mutane su ne masu wuya. A Agustan 2013 wani yaro ya shiga filin jirgin Benin ya maƙale a ramin tayar jirgin Arik har Legas. A Yulin 2019 wani mutum ya tako har inda jirgin Azman yake jiran izinin tashi a Legas, ya haye kan fiffikensa fasinjoji suna kallo ta taga. A Maris 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin Kaduna suka kashe mai gadi, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna.

Sannan ga ɗabi'ar da duk mai hawa jirgi a ƙasar nan ya gani da idonsa: babban mutum ya iso a makare da 'yan rakiya, wani ya riƙe masa jaka ya zagaye layi, mai binciken da ya san matsayinsa a gidan ya kau da kai yana cewa a sauka lafiya ranka ya daɗe. Wannan ƙaramin ma'aikaci ba zai buɗe jakar sanata ba sai ya tabbata cewa in ya buɗe, gobe zai tarar da aikinsa yana nan, kuma shugabansa zai tsaya masa in an buga waya daga Abuja.