Ina Ɗalibin Jami'ar Coci Zai Kai Kukansa?

Yaron da ya taso daga Filinge, a ƙasar Kurfai, ya shiga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ba ya daɗewa bai san inda ake kai kuka ba. In abinci ya lalace ko ɗakin kwana ya gagara, akwai hukumar CROU mai kula da jin daɗin ɗalibai. In ta yi kunnen uwar shegu, ga ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda take nan tun 1960, kuma har yau ba ta manta da 9 ga Fabrairu 1990 ba, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy. Koke a can abin taro ne: a zauna, a ƙaurace wa aji, a fito titi. Mu da muka yi aiki a ofishin harkokin ɗalibai na jami'ar coci a Arewacin Najeriya, wani gado daban muka tarar.

Namu daga gida ya faro. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905, ya tara yara a gidansa yana koyar da su, kafin mishan ta koma Wusasa a wajajen 1929. Shi ne malami, shi ne mai magani, shi ne mai horo, shi ne kuma wanda za a kai wa ƙara in horon ya yi tsanani. Haka makarantun mishan ɗin SIM suka tashi, a Najeriya da kuma Nijar, inda mishan ɗin ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Ba a raina abin da tsarin ya haifar. Daga Wusasa Dokta R.A.B. Dikko ya fito, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Sai dai a gidan da shugaba yake matsayin uba, yaro ba ya ƙara, roƙo yake yi. "Baba, a yi haƙuri" ita ce dukan takardar koken.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan, har St. Paul's ta Zariya ta koma Kwalejin Kufena. Coci ta fita daga harkar na wani lokaci, kuma a wannan tsakanin ne kotu ta canza wasan. A 1983 an yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka kori ɗalibai. Suka kai ƙara, a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar a shari'ar da lauyoyi ke kira ta Garba. Ya kamata kowane ma'aikacin jami'a ya haddace dalilan: wanda ya shugabanci kwamitin binciken, mataimakin shugaban jami'ar, yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, don haka ya zama mai ƙara kuma alƙali, sannan laifi irin na ƙone-ƙone aikin kotu ne, ba na kwamitin makaranta ba.

Da aka ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999, Babcock da Madonna na cikin ukun farko. Cocin ECWA ta samu na Jami'ar Bingham a 2005, Katolika suka samu na Veritas a 2007. Coci ta dawo da tsohuwar zuciyarta ta uba, ta iske doka tana jiranta, da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 da ya ce sai an saurari mutum kafin a hukunta shi. Daga nan aka shiga rubuta kundin dokokin ɗalibai. A takarda hanyar a miƙe take: daga mai kula da ɗakin kwana zuwa shugaban harkokin ɗalibai, daga nan kwamitin ladabtarwa, sai majalisar jami'a, mai ɗaukaka ƙara kuma ya rubuta wa hukumar gudanarwa. Amma duk wanda ya buɗe irin wannan kundin zai ga shafi bayan shafi kan sutura, da halartar sujada, da takardar izinin fita, batun yadda ɗalibi zai yi ƙarar makaranta kuwa ɗan sakin layi ne can ƙarshe. Yawancinsu ma ba su yarda da ƙungiyar ɗalibai mai ikon yajin aiki ba, sai majalisar wakilai.

Inda muka fi shan wahala shi ne wurin faston makaranta. A inda na yi aiki, shi ɗalibai suka fi yarda da shi, da gaskiyarsu kuwa: shi ke raka mara lafiya asibiti tsakar dare, shi ke bi gida-gida a ikilisiya a haɗa wa maraya kuɗin makaranta. Amma shi ɗin dai yana da kujera a kwamitin ladabtarwa. Yarinya ta shiga ofishinsa ta ce, "Baba, ina da magana, amma ta tsaya tsakaninmu," bayan mako biyu ta gan shi zaune cikin masu yi mata tambayoyi. Ko bai furta komai ba, ƙawayenta sun gama ɗaukar darasi. Mun daɗe muna gardama kafin a yarda mai ba da shawara ya sami ɗakinsa daban, da makullin durowarsa, a kuma cire shi daga kowane zaman hukunci. Dattawa suna ganin haka rashin yarda ne da bawan Allah. Ni a ganina kare faston aka yi. Ɗalibai Musulmi, waɗanda ba su da yawa amma suna nan, su ma sai a lokacin suka sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba tare da jin kamar sun shiga gonar wani ba.

Rahoton BBC na 2019 kan malamai masu neman ɗalibai mata da maki ya ƙara tura kowa, aka fara sa mata a kwamitoci, aka rataye akwatunan koke. Abin da akwati bai warware ba shi ne wanda ke biyan kuɗin. Ɗalibi da yawa majalisar cocin garinsu ce ta ɗauki nauyinsa, faston garinsu ne ya sa hannu a takardar shaidar halinsa, kuma jami'ar ta wannan ɗarikar ce. Kafin ya rubuta ƙarar malami, sai ya lissafa ko maganar za ta riga shi isa gida, mahaifinsa ya ji ta a bakin dattawa ranar Lahadi. Shi ya sa yawancin takardun da muke kwasowa daga akwatin ba su da suna, kundin dokokinmu kuwa ya ce kwamiti ba ya zama a kan takardar da ba a sa wa hannu ba.