Abin da Kyamara Ta Ɓoye: Waƙar Iliyad, Fim ɗin Troy da Makkan Ar-Risala

Duk mai mayar da tsohon matani zuwa fim yakan ci karo da tambaya guda: yaya za a yi da abin da mutanen matanin suka ɗauka mai tsarki? Amsar da ya bayar ita ke yanke hukunci a kan wanda zai zama jarumin labarin. Finafinai biyu sun nuna hakan ta hanyoyi mabambanta.

Iliyad, waƙar da ake jingina wa Homa, ta samo asali ne a wajajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tana da babi 24 da layuka sama da 15,000, amma 'yan makonni kawai ta ɗauko daga shekara ta goma ta yaƙin Taroyi, ta kuma ƙare da jana'izar Hekta. A cikinta gumakan Girkawa na shiga fagen fama, su kuɓutar da wannan su yaudari wancan. Da Wolfgang Petersen ya fitar da Troy a 2004, sai ya kawar da su daga fagen, ya shigo da dokin katako wanda waƙar ba ta kai gare shi ba. Sakamakon haka, Akilis ya tashi daga mutumin da ƙaddara ta yi wa dabaibayi ya koma mayaƙi mai neman suna, yaƙin kuma ya zama na kwaɗayin sarakuna.

Mustafa Akkad ya fuskanci tambayar a 1976, lokacin da ya ɗauko tarihin Makka daga littattafan sira, irin na Ibn Ishaƙ wanda Ibn Hisham (ya rasu 833) ya tace. Sira ba waƙa ba ce, kuma ma'abotanta masu imani ne da ke raye, saboda haka share mai tsarki ba zaɓi ba ne gare shi, nuna shi kuwa haramun ne. Sai ya ɓoye fuskar Annabi (SAW) da muryarsa, 'yan wasa suka riƙa fuskantar kyamara suna magana. Nauyin jarunta ya faɗa kan Hamza (RA), wanda Anthony Quinn ya fito a matsayinsa, yayin da 'yar Girka Irene Papas ta fito a matsayin Hindu. Wannan ya sa Badar (624) da Uhudu (625) suka mamaye zukatan masu kallo fiye da shekaru 13 na wa'azi a Makka.

Ita kanta Makkar da aka gani a fim ɗin ginin kwaikwayo ce a Maroko. Malaman Azhar sun amince da rubutun labarin, amma Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta ƙi, aka ƙarasa aikin a Libiya. Sai a 2018 aka haska shi a silimar Saudiyya, shekara 13 bayan mutuwar Akkad a harin bam na Amman.

Petersen ya cire gumaka, ma'anar waƙar ta tafi da su. Akkad ya bar gurbi a tsakiyar allo, gurbin ya riƙe ma'anar, ko da yake ya karkata sira zuwa ga takobi. Mai nazarin tarihi da ya ɗauki fim a madadin matani, wajibi ne ya fara tambayar abin da aka ɓoye da kuma wanda ya ci gadon wurin.