Ƙuri'ar Iya ta 1961 da gardamar da aka yi a gidan suna

Makon jiya na hau Mambilla sunan ɗan ƙanwata. Allah Ya ba ta namiji, uwa da ɗa lafiya lau, masu tambaya a saƙo na gode. Amma ba labarin suna ne ya sa ni wannan dogon rubutu ba, wata gardama ce da ta tashi bayan an watse, da kuma yadda kakarmu ta kashe ta. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Wanda bai san hanyar ba, daga Jalingo za ka bi ta Bali, ka wuce Serti, sai Mayo Selbe inda hawan dutse yake farawa. Daga nan mota sai nishi, kwana bayan kwana, har ka ɓullo Maisamari ka ji iska ta sauya. Sai Nguroje, sannan Gembu. Saman tsaunin ya kai kimanin mita 1,600, shi ya sa baƙo ke neman rigar sanyi da rana tsaka. Na taso a nan, amma wallahi shekarun da na yi a zafin Jalingo sun lalata ni, da asuba sai da aka ɗuma mini ruwan alwala, yara suna yi mini dariya.

An yanka rago, an sha kunu da shayi, maƙwabta sun shigo kamar kullum: Mambilla, Fulani, Kaka, Panso, Kambu, da mu jikokin fatake. Kakanmu kasuwanci ya kawo shi, ya zo da gishiri da tufafi, ya ga wuri ya zauna. A tsakar gidanmu ranar za ka ji Fulatanci da Hausa da Turancin buroka a tabarma ɗaya. Bayan la'asar sai wani ɗan kawuna ya sanar da cewa zai nemi kansila in zaɓe ya zo. Aka ce madalla. Da aka tambaye shi me zai yi wa mazaɓar, amsarsa ita ce lokaci ya yi da "namu" zai hau, don "su" sun daɗe suna ci. Wani maƙwabcinmu da muka yi firamare tare ya ajiye kofinsa ya ce, "Su wa ke nan?" Nan fa murya ta fara tashi.

Iya, mahaifiyar babanmu, tana ɗaki kusa da murhu, ta haura tamanin da biyar. Ta aiko a kira shi. Ta ce, "Kai yaro, ni na jefa ƙuri'a tun ubanka yana wasan ƙasa, kuma ranar ba a tambaye ni ƙabilata ba. Tambayar da aka yi mana ita ce ina za mu kwana, Nijeriya ko Kamaru." Ya yi shiru. Ni kuwa maganar ta bi ni har Jalingo, don na lura yawancin matasanmu ba su san abin da take nufi ba.

Ga yadda abin yake. Mambilla ba ta cikin Nijeriyar da aka haɗe a 1914. A ƙarshen ƙarni na 19 mahaya daga Banyo suna kai hare-hare saman tsaunin suna kama mutane. Sai Jamusawa suka zo, yankin ya shiga ƙasarsu ta Kamaru. A yaƙin duniya na farko aka ci Banyo a 1915, daga baya Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Mu muka faɗa rabon Ingila, a matsayin amana, da farko ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashe ta wancan lokaci daga 1922, sannan ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1946. Turawan Ingila ba su buɗe mana gwamnati tamu ba, sai suka jingina mu da lardin Adamawa, hukunci yana fitowa daga Yola, tafiyar makonni a ƙafa.

Da 'yancin Nijeriya ya matso, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Arewacin Kamaru ranar 7 ga Nuwamba 1959. Zaɓi biyu ne: a shiga Jihar Arewa, ko a ɗage maganar zuwa gaba. Kowa a Kaduna ya ɗauka an gama. Sai mafi rinjaye suka ce a ɗage. Babban abin da ya jawo haka shi ne mutane sun gaji da mulkin En'e daga nesa, da hakiman da ake turo musu waɗanda ba su san su ba. Gwamnatin Sardauna ta fahimci saƙon. Aka cire yankin daga ƙarƙashin Yola, aka kafa sababbin hukumomin En'e na gida, ciki har da ta Gashaka da Mambilla, aka kuma yi alkawarin lardi mai zaman kansa.

Sai aka sake ƙuri'a a watan Fabrairu 1961. A wannan karon Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya a kan cewa mata ma za su jefa, alhali a 1959 maza kaɗai suka yi. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 muka zama 'yan Nijeriya, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna, hedikwata a Mubi. Wannan suna shi ƙaramar hukumarmu take ɗauke da shi har yau. Ku lura da wani abu: matan Arewacin Nijeriya ba su samu damar zaɓe ba sai 1976. Wato Iya ta zaɓi ƙasa da hannunta, ƙasar da ta zaɓa kuma ta sa ta jira shekara 15 kafin a sake ba ta takardar ƙuri'a. In ta ba da labarin dariya take yi, ta ce an gayyace ta ɗaurin aure an hana ta cin tuwon biki.

Daga nan hedikwata ta yi ta yawo da mu. A 1967 Jihar Arewa maso Gabas, sai ka je Maiduguri. A 1976 Gongola, aka koma Yola. A 1991 Taraba, Jalingo. Babanmu yana cewa shi bai taɓa ƙaura ba amma ya zauna a jiha uku. Kowane sauyi ana cewa gwamnati ta matso kusa, kuma gaskiya ta matso a taswira. Amma mai naƙuda a ƙauyen da babur kaɗai ke shiga da damina ba ta san da wannan ba.

Abin da ya fi sauya zamanmu shi ne ƙasa. Saman tsaunin akwai ciyawa da ruwa, ga sanyi da ke rage ƙudan tsando, don haka tun wajen shekarun 1940 makiyaya suka yi ta hawa da shanu. Manoma suna kwari da masara da gwaza, shanu suna kan tudu, ana musayar nono da hatsi. Mutane suka ƙaru, shanu suka ƙaru. Aka kawo itacen zaiti, kowa ya dasa don katako da makamashi. Aka buɗe gonar shayi ta Kakara. Bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978, masu hali da masu sanin ofis, na gida da na waje, suka samu takardu a kan manyan filaye suka zagaye da waya. Ƙaramin manomi ya rasa inda zai ƙara kunya, ƙaramin makiyayi ya rasa burtali. Su biyun nan, waɗanda ba su da takarda, su ne suka juya wa juna. An zubar da jini a farkon 2002, an sake a watan Yuni 2017. Ba zan shiga lissafin wa ya fi asara ba, kowane gida a saman nan yana da wanda yake tunawa. A gidanmu mun ɓoye maƙwabta, kuma a wani tashin maƙwabta ne suka raka ƙannena har tasha.

Ga kuma maganar wuta. Tun ban shiga firamare ba ake zancen madatsar ruwan Mambilla. A 2017 gwamnatin tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050. Aikin ya maƙale a shari'ar sasanci a Faris, har tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je ba da shaida a Janairun 2025. Mu kuwa daren suna da sola da ɗan janareta muka haska tsakar gida, a kan tsaunin da aka ce zai haska Nijeriya.

To me ya haɗa wannan duka da kujerar kansila? A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa musu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san tazarar da ke tsakanin hukunci a takarda da aiki a ƙasa. Amma in abin ya tabbata, to shi ne kusan abin da iyayenmu suka nema da ƙuri'arsu a 1959: mai yanke hukunci ya zama wanda za ka iya taka ƙafa ka same shi a gida. Abin tsoron shi ne mu karɓi wannan dama mu mayar da ita rabon ganima tsakanin "namu" da "nasu". Kansilan da ya hau da wannan lissafi ba zai iya zama tsakanin manomi da makiyayi ranar da shanu suka shiga gona ba, don ɗaya daga cikinsu ya riga ya san ba shi da alƙali a wurin.

Kafin in sauko na zauna da ɗan kawun nawa. Na ce masa ba zan hana shi takara ba, har gudummawa zan ba shi, amma da sharaɗi uku. Ya zagaya mazaɓar ya rubuto burtalai da mashayar da aka toshe da waya. Ya faɗa mana kwalbati nawa ne ruwa ke cinyewa duk damina. Sannan ya je gidan abokin nan nawa da ya ɓata wa rai ya ba shi haƙuri. Na ukun ya yi a gabana da safe, an sha shayi an rabu lafiya. Sauran biyun muna jira.

Masu tsofaffi a gida daga Mubi zuwa Gwoza, Ganye zuwa Gembu, don Allah ku tambaye su labarin 1961 tun suna raye, ku ɗauka a waya. Iya ta ce in gaishe ku, ta kuma ce in daina sa hotonta a Facebook, don haka ba za ku gan shi ba. Allah Ya raya jariri, Ya zaunar da tsauninmu lafiya.