Tarihin Dokar Miyagun Ƙwayoyi: Daga Yarjejeniyoyin Duniya Zuwa Kwarin Rima

Masu ba da tarihin yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya sukan ɗauko shi daga 1989, shekarar da aka kafa hukumar NDLEA, wasu kuma daga 1961 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗe yarjejeniyoyinta wuri guda. Dukansu sun makara. Tun 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa wa ƙasar dokar magunguna masu haɗari, ita ma reshe ce ta alkawuran da Birtaniya ta ɗauka a madadin ƙasashen da take mulka. Wanda ya fara ƙirga daga nan zai ga abin da wannan maƙala ta tsaya a kai: dokar da ake kama matashin Birnin Kebbi ko na Argungu da ita riga ce da aka ɗinka da awon wani.

An yi taron farko a Shangai a 1909 saboda annobar ofiyom a ƙasar Sin, aka sa hannu kan yarjejeniya ta farko a 1912. Tabar wiwi ta shiga lissafi a 1925 bisa nacin wakilin Masar. Yarjejeniyar 1961 ta taƙaita amfani da waɗannan abubuwa ga magani da binciken kimiyya, ta 1971 ta ƙara ƙwayoyin da ake haɗawa a masana'anta, ta 1988 kuma ta ɗora wa ƙasashe wajibcin hukunta masu safara da ƙwace dukiyarsu.

A gida, sojoji ne suka rubuta mafi yawan dokokin, kuma da zafin hannu. Gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta yi dokar wiwi a 1966, ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta. Aka sassauta ta a 1975. Da filin jirgin Legas ya zama mashigar hodar ibilis da hiroyin zuwa Turai da Amurka, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi Doka ta 20 a 1984, kuma a watan Afrilu 1985 aka bindige mutum 3 a Legas, har da amfani da dokar a kan laifin da aka aikata kafin a kafa ta. Safara ba ta tsaya ba. Janar Babangida ya mayar da kisan ɗauri a 1986, sannan ya kafa NDLEA da Doka ta 48 a 1989, shekara guda bayan yarjejeniyar 1988. Doka ta 33 ta 1990 ta fi kowace fallasa inda hankalin hukuma yake: ɗan Nijeriyar da ya gama zaman kaso a waje kan ƙwaya, idan ya dawo sai a sake gurfanar da shi kan zubar wa ƙasa mutunci. Daga 1994 Amurka ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da ke ba ta haɗin kai, gwamnatin Abacha kuma ta damƙa hukumar a hannun Manjo Janar Musa Bamaiyi, ɗan ƙasar Zuru, wanda ya riƙe ta har 1998, ya yi suna da kai samame kan dillalan motoci a Legas bisa zargin halatta kuɗin haram. A tsawon wannan zamani ma'aunin nasara shi ne yawan kayan da aka tare kafin su isa ƙasar wani. Mashayin cikin gida bai samu shiga lissafi ba.

Abin da ya cinye matasan kwarin Rima kuwa daga kantin magani ya fito. Jihar Kebbi, da aka cire daga Sakkwato a 1991, tana da iyaka da Nijar da Benin, kuma hanyar da ta taso daga tashar ruwan Kwatano ta bi ta Gaya zuwa Kamba tsohuwar hanyar fatauci ce. Tiramadol da ake yi a Indiya, wanda jama'a ke kira tiramol, hukumar NAFDAC ta yarda ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma na bayan fage yakan kai 200 zuwa 250. Ana samunsa a tiren mai tallan magani ranar kasuwa, a yanki ƙwaya ɗaya ko biyu daga kati da reza a miƙa wa ɗan ƙwadagon da zai wuni a duƙe cikin ruwan fadama yana dashen shinkafa. Shi a wajensa maganin gajiya ne. Wannan ƙwaya ba ta cikin jadawalin ko ɗaya daga yarjejeniyoyin nan uku na 1961, 1971 da 1988. Masar ta yi ta neman a saka ta, masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka ƙi, don a ƙasashen da mofin ke wuyar samu ita ce abin da ya rage wa mai ciwon daji. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin tiramadol, Arewa maso Yamma kuma kashi 12 cikin ɗari. Waɗannan alƙaluma sun fi cancantar dogaro a kan kwalba miliyan 3 ta kodin a kullum a Kano da Jigawa, wadda aka faɗa a Majalisar Dattawa a 2017 ba tare da an nuna yadda aka ƙirga ba.

Kiran gyara ya taso daga Afirka ta Yamma kanta. A 2014 kwamitin da Kofi Annan ya kafa, Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawarar a daina ɗaure mai sha, a kai shi asibiti, a juya ƙarfin hukuma kan manyan dillalai da masu ɗaure musu gindi. Gana ta bi wani ɓangare na wannan a dokarta ta 2020. Nijeriya ta bi wata hanya: a Disamba 2020 tana cikin ƙasashe 25 da suka ƙi amincewa da sassauta matsayin wiwi a Majalisar Ɗinkin Duniya, aka rinjaye su da ƙuri'a 27, kuma a Mayu 2024 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar maido da hukuncin kisa ga masu safara. Har yanzu dokar NDLEA tana tanadin ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da ƙwaya don sha.

Masu adawa da gyara suna da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko ta addini ce, a jihar da ke aiki da shari'ar Musulunci: duk abin da ke gusar da hankali haramun ne. Haka ne, kuma babu mai neman a halatta shi. Amma haramci daban, irin hukunci daban, kuma babu littafin fiƙihun da ya yanke wa mashayi shekara 15 a kurkuku. Ta biyu ita ce Fotugal, da ta daina ɗaure masu sha tun 2001, tana da asibitocin karɓarsu, alhali jihar Oregon ta Amurka da ta yi haka a 2020 ta janye a 2024. Wannan hujja gaskiya ce, sai dai abin da take nunawa shi ne cewa sakin mashayi ba tare da wurin jinya ba aikin banza ne. Iyalin da ɗansu ya kamu a Argungu, asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya mafi kusa da su yana Kware a jihar Sakkwato, shi ya sa da yawa ke kai nasu gidan mari, irin waɗanda aka fasa a Kaduna da Daura a 2019 aka fito da mutane cikin sarƙa. Haramcin kaɗai ma bai wadatar ba: haramta kodin a Mayu 2018 da taƙaita tiramadol da Indiya ta yi a shekarar sun rage su a kanti, sai wasu ƙwayoyi masu haɗin tapentadol suka maye gurbin tiramadol ta hanyoyin da ya saba bi.