Guzuri da Zango: Yadda Hanya Ta Ciyar da Matafiya a Ƙasar Kebbe da Tambuwal

Motar da ta taso daga Sakkwato da hantsi, ta wuce Boɗinga da Shagari, kafin ta iso Tambuwal cikin fasinja ya fara kiran ciroma. Direba bai gama taka birki ba 'yan talla sun yanyame tagogi: mai masa, mai dafaffen ƙwai, mai ƙuli-ƙuli, mai rake, ga Bafulatana can gefe da ƙwaryar nono tana jiran mai son a dama masa hura. Dattijon da a garinsu ko kusa ba zai tsaya bakin titi ya kai loma baki ba, sai ga shi ya sauko, ya nemi benci a rumfar mai tuwo, ya wanke hannu yana cewa, "Inna, a cika mani miya." Babu mai kallonsa da mamaki. Matafiyi ne.

Wannan rangwame da ake yi wa matafiyi tsoho ne ƙwarai. A al'adar Bahaushe magidanci a gidansa yake ci, ko a zaure tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa. Wanda aka gani yana cin tuwon saye a garinsu, to an san gwauro ne, ko kuwa akwai rigima a cikin gida. Malaman fiƙihu ma sun lissafa ci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida. Saboda haka duk mai neman asalin sana'ar sayar da dafaffen abinci a kudancin Sakkwato, sai ya bi sawun baƙi da fatake, domin dominsu aka fara ɗora tukunyar sayarwa.

Ƙasar Kebbe, wadda baƙi kan rikita sunanta da na jihar Kebbi, tana kan Gulbin Zamfara ne, tsakanin Gummi daga gabas da Jega daga yamma. Yau garuruwan nan uku suna jihohi uku: Jega ta tafi da jihar Kebbi a 1991, Gummi ta bi Zamfara a 1996, Kebbe da Kuchi da Margai da Girkau suka tsaya a Sakkwato. Amma a ƙarni na 19 gulbi ɗaya ne ya ɗinke su, kuma fataucin goro ya ba su muhimmanci. Gummi ce mazaunin Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan zuriyoyi uku da suka riƙe fataucin goron Gwanja, tare da Agalawa da Tokarawa, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a bincikensa na 1980. Jega kuwa, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820, ta bunƙasa har ta zama kasuwar da babu kamarta a yammacin daular Usmaniyya. Wani Buharin daban, ɗan Shehu Usmanu, shi ne ya zauna Tambuwal, zuriyarsa suka ci gaba da sarautar garin. Wanda ya bar Gummi da jakunansa ya nufi Jega, kwarin gulbin nan zai bi, inda akwai ruwa da ciyawa da ƙauyuka masu hatsi.

Ayarin Gwanja ba ƙaramin taro ba ne. A 1826 Baturen nan Clapperton ya ci karo da wani a Kayama ta ƙasar Bargu, ayarin yana dawowa da goro, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya ma kusan haka. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da biyan fito da garama ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Zuwa Salaga, kasuwar goron Gwanja, da dawowa kan ci watanni, wani lokaci har shekara ta kewayo. Mutum dubu a hanya, kowanne da ciki, kullum sai an ci. Jaki kuwa ba a ɗora masa hatsin wata shida, domin mangalarsa ta kanwa ce da tufafi da fatu a tafiya, ta huhun goro a dawowa.

Abin da ya fara warware matsalar shi ne guzuri, kuma a nan gwanintar matan gida ta bayyana. Kowane abu da aka zuba a burgamin falke an zaɓe shi ne saboda yana jure rana. Ƙuli-ƙuli an matse mansa an soya shi ya bushe ƙarau, ya yi makonni bai canja ba. Kilishi an yanyana naman kamar takarda, an shanya, an tsoma a kwaɓin tunkuza da kayan yaji, an sake shanyawa, sannan aka nuna masa wuta. Dakuwa tana kashe kwaɗayi, tana riƙe ciki. Garin gero da aka daka da citta da kanumfari da barkono, ruwa kawai yake nema a ƙoƙo ya zama abin sha. Sai kuma hoce, wanda mutumin Kano zai iya tsufa bai taɓa gani ba, amma a Sakkwato da Zamfara da Kabi kowa ya san shi: garin dawa ne ake kwaɓawa a gasa, ya fito da tauri, a marmasa shi da ƙuli da albasa da ɗan mai a yi ɗatu, abin da mutanen gabas ke kira kwaɗo. Wanda ya ci hoce da safe ya kora da ruwa, zai yi tafiyar wuni bai waiwayi tukunya ba.

Dawo ne kaɗai bai yarda da doguwar ajiya. Kwana ɗaya biyu ya yi tsami. Shi ya sa hura ta zama cinikin kowane zango, kuma ta haɗa mutane biyu da ba su da wata hulɗa sai ita: matar manomi da ta daka gero ta cura, da Bafulatanar da ta taso daga ruga da nono.

Ayari kan tashi da asuba, ya sauka kafin rana ta take. Zango a bayan gari yake, kusa da ruwa. Kafin a gama sauke kaya a yayyafa wa goro ruwa, labari ya shiga gari, mata da 'yan mata sun fito da ƙore a ka. Wuri ne kuɗin lokacin, kuma ya dace da irin wannan ciniki, domin ana iya sayen abin wuri biyar ko goma ba tare da neman canji ba. Da ma an ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Cikin ayarin kansa akwai mata, wasu matan fatake, wasu bayi, waɗanda bayan sun wuni ɗauke da kaya su ne za su nemo itace, su kafa murhu, su tuƙa tuwon dare. Littattafan tarihi sun riƙe sunayen madugai irin su Madugu Mai Gashin Baki, amma ba su riƙe na mace ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali da sun janye hannu kwana uku da ayarin ya watse. Wannan rashin adalci ne da ya kamata masu rubuta tarihin fatauci su gyara.

A manyan garuruwa irin Jega, babban falke bai kwana a fili. Gidan fatoma yake sauka, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma aiko masa da tuwo daga cikin gida. Ba a yanka wa tuwon nan farashi, yana cikin la'adar da fatoma zai samu. Malami ko almajiri mai tafiya kuwa, masallaci ko zauren mai gari ya ishe shi, domin baƙonka annabinka. Gidan da ya saba da baƙi ba ya rasa ɓula a tukunya, wato curin tuwo da ake ajiyewa cikin ruwa ana canja masa, ya yi kwanaki yana jiran wanda zai yi sallama da tsakar dare.

Ƙasar ma ta taimaka. Fadamun Gulbin Zamfara da na Kabi suna ba da shinkafa tun kafin a san ta 'yar waje, shi ya sa tuwon shinkafa a nan abincin yau da kullum ne. Gulbi yana ba da tarwaɗa, a banda ta ta yi nisa. Gishiri yana zuwa daga kwarin Foga, a Nijar ta yau, inda Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga ana dafa shi a 1853. A shekarar nan Barth ya sauka Gwandu, ya yaba albasarta da ayabarta. Albasar ba ta bar yankin ba: Aliero, maƙwabciyar Jega da Tambuwal, ita ce yau sunan da ake fara kira idan ana maganar albasa a Nijeriya.

Abin sha'awa shi ne inda abincin hanyar nan ya je ya yi gida. Kalmar zango ta zama sunan unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara da sauran biranen Gana. Shinkafa da wake ta zama abin da mutanen can ke kira wace, suna karin kumallo da ita daga kudu har arewa. Tuwon zafi bai ma canja suna ba. Koko da ƙosai da fura duk suna nan a titunansu, tsire kuma ya cika biranen kudancin Nijeriya da sunan suya. Fatake sun tafi neman goro, suka bar girkinsu a baya. Yarabawa ma har gobe gbanja suke kiran irin goron da Bahaushe ya fi so, sunan Gwanja ne ya maƙale masa.

Hanyar ta fara mutuwa daga can ƙarshenta. Ingilishi sun ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, ikon Asante kan kasuwannin arewa ya raunana. Yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a watan Maris na 1903, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Gusau da Ƙauran Namoda a 1929. Goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, ya hau dogo, daga baya manoman ƙasar Yarabawa suka shiga nomansa gadan-gadan. Tafiyar watanni ta zama ta kwanaki. Sulalla suka kori wuri.

Abin da ya faru da yankin Kebbe shi ne hanya ta juya. Da, zirga-zirga tana bin gulbi daga gabas zuwa yamma. Da mota ta zo, babban titi ya miƙe daga arewa zuwa kudu: Sakkwato, Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, har Ikko. Tambuwal ta samu kanta a bakin kwalta, Kebbe kuwa sai wanda ya yi niyya ya ratse ya same ta. Tukwane suka bi matafiya. Tasha ta gaji zango, direban babbar mota da yaransa suka gaji falke, rumfar mai tuwo ta gaji gidan fatoma. Har yanzu direba yana da uwar ɗakinsa a kowane gari, wadda ta san yadda yake son miyarsa, tana ba shi bashi idan hanya ta yi tsiya, shi kuma ya tsayar da fasinjansa a ƙofar rumfarta. Fasinja ma sun san abin da ake saye a ina: albasa a wajen Aliero, bandar kifi a Yawuri, a kai gida tsaraba.

Yawancin abin da ke kan farantin 'yan talla, daga cikin gidaje yake fitowa. Matan aure da ba su fita su ke soya masa da ƙosai, su matse gyaɗa, su cura dawo, 'ya'yansu mata su kai bakin titi. Ribar nan ce ke sayen kayan ɗakin amarya. Ita ce kuma ke hana yarinya zama a aji, ta wuni tana tsere da motoci, kuma wannan tsada ce da mai sayen masa ta taga bai cika lissafawa ba.

Daga baya baƙin abinci suka shigo. Mai shayi ya kafa teburinsa da burodi da gwangwanin madara, daga shekarun 1990 kuma Indomie da soyayyen ƙwai suka mamaye teburin. Dunƙulen Maggi ya raba miya da daddawa, leda ta maye gurbin ganye da ƙoƙo, ruwan leda ya kori gora da salka. Babu laifi ga mai yunwa ya ci abin da ya samu da sauri. Abin takaici dai shi ne taliyar da za ka ci a Tambuwal ita ce za ka ci a Abuja ko Fatakwal, ba ta gaya maka inda kake. Hoce yana gaya maka. Hurar da aka dama da nonon shanun yankin, mai kauri da ƙamshin citta, ita ma tana gaya maka, kuma mutanen Sakkwato suna da gaskiya da suke tutiya da ita.

A 'yan shekarun nan matsalar 'yan bindiga ta taɓa ƙauyukan Kebbe da iyakar Zamfara, ta sa matafiya da yawa gudun tafiyar dare, ta kuma tashi rugage daga inda aka san su. Masu abincin da a da kan kai tsakar dare da fitila suna jiran motocin kudu, da yawansu yanzu da wuri suke kife tukunya. Da rana dai rumfuna a cike suke. Motar Yawuri ta tsaya, yaron mota yana kiran a yi sauri, wata tsohuwa ta miƙo kuɗi ta taga tana cewa, "Ɗiyata, ƙulla mani dawo biyu, kada ki sa ruwa, Kwantagora zan kai shi."