Daga Aïr Info zuwa gidan aro

Jama'ar Agadas, kun tuna 2007? Ana tsakiyar tawayen MNJ hukumar CSC ta dakatar da jaridar Aïr Info wata uku, daga baya aka tsare mai ita, Ibrahim Manzo Diallo, wajen wata huɗu. A 2008 aka rufe rediyon Sahara FM. Takarda guda, gari ya yi tsit.

Alhali tun 2003 akwai WordPress, manhajar kafa shafin labarai da kowa zai ɗauka kyauta, ya gyara son ransa. To amma mutum nawa ke da intanet a Agadas lokacin? Yau ga ta a aljihunmu, sai muka kwashe labaran garinmu muka zuba a Facebook, gidan aro, inda mai gida kan rufe shafi ba ko sallama.