Tafiye-tafiyen alfarma: Jiragen ƙasa na ƙasaita, tsibiran hutu da jiragen ruwan leƙa ƙarshen duniya

Tafiyar alfarma ita ce wadda matafiyi yake biyan kuɗi masu yawa domin jin daɗin hanyar kanta, ko domin ya kai inda jama'a ba su cika kaiwa ba. Jirgin sama yakan ɗauki mutum daga Johannesburg zuwa Cape Town cikin kimanin awa biyu, amma akwai masu biyan ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi su shiga jirgin ƙasa da zai kwana da su a hanya. Sana'ar ta fi fitowa a fuska uku: jirgin ƙasa mai ɗakunan kwana, wurin hutu na keɓe, da ƙaramin jirgin ruwa mai zuwa yankunan da ba su da tashar jiragen ruwa. Duka ukun haja iri ɗaya suke sayarwa, wato ƙarancin fasinjoji da yawan masu hidima da kuma wuri mai wuyar zuwa. Haka kuma kowannensu ya dogara ne da abin da ba mallakinsa ba: layin dogon gwamnati, ko tsibirin da teku ke iya cinyewa, ko nahiyar ƙanƙara da babu ƙasar da ke mulkinta ita kaɗai.

Asalin jirgin ƙasa na ƙasaita

A Amurka aka fara mayar da tarago ɗakin kwana na alfarma, a hannun George Pullman, cikin shekarun 1860. Wani matashi ɗan Beljiyam mai suna Georges Nagelmackers ya ga waɗannan taragai a ziyarar da ya kai can, ya koma Turai ya kafa kamfanin Wagons-Lits. A 1883 kamfanin ya fara gudanar da jirgin Orient Express daga Paris zuwa gabas. Da farko sai fasinjoji sun sauka sun ƙetare Kogin Danube, sannan su ƙarasa Santambul ta jirgin ruwa daga garin Varna. Sai a 1889 jirgin ya riƙa isa Santambul kai tsaye. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1919, aka buɗe wata hanya ta kudu da ke bi ta ramin Simplon, wanda aka huda a ƙarƙashin duwatsun da ke tsakanin Suwizalan da Italiya. Littafin Agatha Christie na 1934, mai labarin kisan kai a cikin wannan jirgi, ya ƙara yayata sunansa a duniya.

Jiragen sama ne suka karya kasuwarsa. A 1977 aka daina tafiyar kai tsaye daga Paris zuwa Santambul. A wannan shekara wani attajiri ɗan Amurka, James Sherwood, ya sayi tsofaffin taragai biyu a wani gwanjo a Monte Carlo, ya ci gaba da neman wasu a sassan Turai yana gyara su. A 1982 ya ƙaddamar da Venice Simplon-Orient-Express tsakanin Landan da Venice. Daga nan manufar sana'ar ta sauya: jirgin da a da ake shiga domin shi ne mafi sauri, yanzu ana shigarsa domin tsufansa da nawarsa. Kamfanin da ke riƙe da shi, Belmond, ya koma hannun rukunin kamfanonin kayan ƙawa na Faransa, LVMH, a 2019.

Wasu ƙasashe sun bi sahu. Indiya ta fara Palace on Wheels a 1982, mai zagaya biranen sarakunan jihar Rajasthan na tsawon mako guda, sannan ta ƙara da Maharajas' Express a 2010. A Ostireliya, jirgin The Ghan yana ratsa nahiyar daga Adelaide zuwa Darwin, tafiyar kilomita 2,979, kuma ya samo sunansa ne daga masu raƙuma da ake kira Afganawa, waɗanda suka yi sufuri a saharar ƙasar kafin zuwan layin dogo. A Japan kuwa, neman gurbi a jirgin Seven Stars in Kyushu, wanda ya fara aiki a 2013, ya yi yawa har sai da aka riƙa yin ƙuri'a.

Jiragen Afirka

Afirka ta Kudu ce cibiyar wannan sana'a a nahiyarmu. Jirgin Blue Train, mallakin kamfanin gwamnati na Transnet, yana tafiyar kimanin kilomita 1,600 tsakanin Pretoria da Cape Town. Tushensa jiragen da suka fara aiki a 1923 ne, masu kai attajiran ma'adinai bakin teku domin su shiga jirgin ruwan Ingila, kuma an raɗa masa sunansa na yanzu a 1946. Na biyu shi ne Rovos Rail, kamfani mai zaman kansa da Rohan Vos ya kafa, wanda ya yi tafiyarsa ta farko a 1989. Jirginsa ba ya ɗaukar fiye da mutum 72. Doguwar tafiyarsa da ta fi suna ita ce ta Cape Town zuwa Darussalam, mai cin kimanin mako biyu, ta Botswana da Zimbabuwe da Zambiya, kuma kuɗinta ya haura dala 10,000 ga mutum ɗaya. Kashin ƙarshe na hanyar layin TAZARA ne mai tsawon kilomita 1,860, wanda ƙasar Sin ta gina daga 1970 zuwa 1975 domin Zambiya ta samu hanyar fitar da tagullarta zuwa teku.

Kamfanoni masu zaman kansu irin wannan taragai suka mallaka, layin kuwa na hukumomin jiragen ƙasa ne. Sukan biya kuɗin bin layi, sau da yawa kuma su ɗauki hayar kan jirgi da matuƙinsa. Saboda haka duk abin da ya samu layin ya same su: satar wayoyin lantarki, lalacewar alamun hanya, ambaliya, ko jirgin kaya da ya tsaya a gaba. Faɗin layin da jiragen kudancin Afirka ke bi milimita 1,067 ne, daidai da na tsohon layin Legas zuwa Kano, saɓanin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 mai milimita 1,435. Wannan ya nuna cewa ƙanƙantar layi ba ta hana a ci riba da shi. Kulawa da tsaro su ne sharaɗi.

Wuraren hutu na keɓe

Babban misalin wurin hutu na keɓe yana ƙasar Maldives, tarin tsibirai kusan 1,200 a Tekun Indiya. An buɗe wurin hutu na farko, Kurumba, a 1972. Tsarin da ƙasar ta ɗauka shi ne tsibiri ɗaya, otal ɗaya: gwamnati ta ba kamfani hayar tsibirin da ba kowa a cikinsa na shekaru masu yawa, kamfanin ya gina masaukai, wasu a kan turaku cikin ruwa, ya riƙa kai baƙi da jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan teku. Da yake ƙasar ta Musulmi ce, tsarin ya raba rayuwar baƙi da ta 'yan ƙasa, kuma ba a sayar da barasa a tsibiran da jama'a ke zaune. Sai a 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe ƙananan masaukan baƙi a garuruwansu, abin da ya sa wani kaso na kuɗin ya fara shiga aljihun masu ƙaramin jari.

Tsadar irin wannan wuri tana da dalili. Kowane tsibiri tamkar ƙaramin gari ne mai cin gashin kansa: shi zai samar da lantarkinsa, galibi da janareta, ya tace ruwan gishiri ya zama na sha, ya shigo da yawancin abinci daga ƙasashen waje, ya kuma ba ɗaruruwan ma'aikata wurin kwana. Sharar da ake tarawa ma sai an kwashe ta da jirgi, wadda da yawanta ke ƙarewa a Thilafushi, tsibirin da aka fara cikewa da bola a 1992. Ƙasar kuma tana cikin mafi ƙasƙanci a duniya, domin matsakaicin tudunta bai wuce mita ɗaya da rabi a saman teku ba. Ɗumamar ruwa ta kashe murjani mai yawa a 1998 da 2016, alhali murjanin nan shi ne katangar tsibiran kuma shi baƙi ke zuwa kallo. A 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa domin jawo hankalin duniya ga barazanar.

Wasu ƙasashen Afirka sun zaɓi tsarin baƙi kaɗan, kuɗi da yawa. Botswana ta taƙaita yawan gadaje a sansanonin fadamar Okavango. A Ruwanda, tun 2017 baƙon da ya fito daga wajen Afirka yana biyan dala 1,500 domin ya yi awa ɗaya tak yana kallon manyan biran da ake kira gorila, cikin ayarin da bai wuce mutum takwas ba, kuma ana ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen daji domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye da su.

Jiragen ruwan leƙa ƙarshen duniya

Jirgin ruwan yawon shaƙatawa na yau da kullum yakan ɗauki dubban mutane daga tasha zuwa tasha. Jirgin binciken wurare kuwa ƙarami ne, galibi fasinjojinsa ba su wuce 100 zuwa 200 ba, an ƙarfafa jikinsa domin ratsa ƙanƙara, kuma yana tafe da masana tsuntsaye da duwatsu da tarihi masu yi wa fasinjoji bayani. Ana sauke mutane a gaɓa da kwalekwalen roba mai inji. Lars-Eric Lindblad, haifaffen Suwidin, shi ake ɗauka uban wannan sana'a: ya kai ayarin masu yawon buɗe ido Antatika a 1966, sannan a 1969 aka ƙera masa jirgin Lindblad Explorer musamman domin aikin.

Yawancin masu zuwa Antatika daga garin Ushuaia da ke ƙarshen kudancin Ajantina suke tashi. Sukan yi kimanin kwana biyu suna ƙetare mashigin Drake, ɗaya daga cikin tekunan da suka fi hauka a duniya. Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Maris, wato lokacin zafin can. A farkon shekarun 1990 baƙin ba su kai 10,000 a kaka guda ba, amma a kakar 2022 zuwa 2023 sun haura 100,000.

Yarjejeniyar Antatika, wadda ƙasashe 12 suka sanya wa hannu a 1959, ta keɓe nahiyar domin zaman lafiya da binciken kimiyya, sannan ƙarin yarjejeniyar kare muhalli ta Madrid ta biyo baya a 1991. A wannan shekara kamfanoni bakwai suka kafa ƙungiyar IAATO domin tsara wa kansu ƙa'idoji. Jirgin da ke ɗauke da fiye da fasinja 500 ba ya sauke kowa. Ba a barin fiye da mutum 100 a gaɓa lokaci guda, kowane mutum 20 da jagora ɗaya, kuma ba a matsawa kusa da tsuntsayen fengwin ƙasa da mita biyar. Ana wanke takalma kafin sauka da bayan dawowa domin kada a kai iri ko cuta. An haramta amfani da baƙin mai mai kauri a tekun yankin tun 2011, kuma dokar Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya kan jiragen yankunan ƙanƙara ta fara aiki a 2017. Shiga ƙungiyar dai na ganin dama ne, shi ya sa har yanzu ake muhawara kan ko ya kamata a ƙayyade adadin baƙi da doka.

Haɗarin hanyar ba ƙarami ba ne. A Nuwamba 2007 tsohon jirgin Lindblad, wanda a lokacin ake kira Explorer, ya yi karo da ƙanƙara ya nutse. An ceto duka mutum 154 da ke cikinsa bayan sun yi awanni a kwalekwalen ceto. A 2020 cutar korona ta kama fiye da rabin mutanen jirgin Greg Mortimer, sai ƙasar Uruguay ce ta karɓe su.

Abin lura ga mai niyya

Farashin da ake tallatawa kusan kullum na mutum ɗaya ne a ɗakin mutum biyu, don haka wanda zai kwana shi kaɗai yakan biya ƙari mai yawa. Ana biyan kafin alƙalami watanni kafin tafiya, kuma idan lokaci ya matso wanda ya fasa yana iya rasa kuɗinsa duka. Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, wannan yana nufin ya tabbatar da biza kafin ya biya cikon kuɗi, musamman a tafiyar da ke ratsa ƙasashe da dama. Kamfanonin Antatika sukan buƙaci inshorar kwashe marar lafiya, domin babu asibiti a kusa. Kyaftin kuma yana da ikon soke kowace sauka idan yanayi ya ɓaci, ba tare da an mayar da kuɗi ba.

A jiragen ƙasa da yawa kuɗin barasa yana cikin farashi ko mutum ya sha ko bai sha ba, kuma akan buƙaci tufafin alfarma lokacin cin abincin dare. Mai son abincin halal ya nema a rubuce tun lokacin yin rajista, tunda ana loda kayan girki ne kafin a tashi. Wanda zai je Antatika a Disamba kuwa zai tarar da dare ya gajarce ƙwarai, don haka ya dace ya nemi fatawar malamai kan lokutan salla kafin ya bar gida. Daga ƙarshe, yana da kyau ya bincika ko kamfanin yana cikin ƙungiyar da ke sa ido a kan sana'ar, da kuma nawa ne daga cikin kuɗinsa ke tsayawa a hannun mutanen wurin da zai ziyarta.